Zarge mai cizo: ƙullin igiyar tanti da ake ɗamewa ba sai an kwance ba

Duk wanda ya yi damina a Tahoua ya san yadda hadari yake zuwa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke ɗif na ɗan lokaci, sai jar ƙura ta taso kamar bango ta riga ruwan isowa. A cikin waɗannan ƴan mintocin ne tantuna da rumfunan tamfol suke zubewa: na masu kwana a gona, na ƴan kasuwar ƙauye, na masu biki, na matafiyan da dare ya riska a hanyar Abalak. In ka je ka duba bayan an ɗauke ruwa, da wuya ka tarar igiya ce ta tsinke. Ko turke ya tuge, ko idon tamfol, wato hudar gefensa da ake zura igiya, ya yage. In ka bi sawun abin kuwa, za ka iske tun da rana igiyar ta yi sako-sako, an gani an ƙyale, domin ƙullin da aka yi mata irin na bakin buhu ne, wanda sai da haƙori ko wuƙa ake raba shi.

Igiyar tanti ba ta kwana da tsawon da aka ɗaure ta da shi. Sabuwa tana miƙewa tun ranar farko. Turke yana ɗan sunkuyowa cikin yashi. Tamfol ɗin roba yana sakin jiki da rana, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Rumfar da aka kafa tamau da hantsi, kafin la'asar ta soma kaɗawa, kuma kaɗawar nan ita ce ɓarnar, don kowace fizga tana girgiza turke a raminsa, tana cin idon tamfol kaɗan-kaɗan. Ita kuma iska, in gudunta ya ninka biyu, turinta ninkawa huɗu yake yi. Mai gudun kilomita 30 a awa tana tura kowane murabba'in mita da nauyin kilo 4 ko kusa da haka. Mai gudun 60 tana tura shi da kimanin kilo 17. Tamfol mai mita 4 a mita 5, in irin wannan iskar ta same shi gaba da gaba, abin da ya hau kansa ya haura kilo 300, buhun siminti shida da ɗoriya ke nan, kuma duk a kan ƴan igiyoyin nan zai sauka.

Maganin sako-sako shi ne ƙullin da za ka iya turawa da hannu ɗaya ka ɗame igiya, ka sake shi ya tsaya cak a inda ka bar shi. Asalinsa daga ma'aikatan jirgin ruwa ne, kuma ƴan sikawut suna koyar da shi a ƙasashe da yawa. Ina kiransa zarge mai cizo, domin yana tafiya kamar zarge in ka kama shi da hannu, amma da nauyi ya hau igiyar sai ya cije.

Kafin a ɗauki igiya, mu daidaita a kan sunaye uku don kada bayanin ya cukuikuye. Ɓangaren da ya sauko daga tanti zuwa turke shi ne uwar igiya. Bakin da yake hannunka, wanda kake naɗawa da shi, shi ne wutsiya. Gewayen da igiyar ta yi wa turke ta dawo, shi ne hanci.

Ka tsuguna a bayan turke, fuskarka na kallon tanti. Uwar igiya ta biyo ta hagun turke, ka gewaya shi da ita ta wajenka, ka mayar da wutsiya wajen tanti ta dama. Yanzu igiya biyu ne a gabanka, uwa a hagu, mai komawa a dama. Ka auna kamu ɗaya daga turke, wato kimanin santimita 50, kuma ka tabbata akwai saurar wutsiya taƙi biyu a hannunka bayan nan, domin naɗi uku na cin igiya fiye da yadda ake zato.

A daidai wurin ka ɗora wutsiya a kan uwa daga dama zuwa hagu, ka bi da ita ta ƙarƙashi, ka fito da ita a cikin hanci, tsakanin igiyoyin biyu. Naɗi na ɗaya ke nan. Ka sake yin haka, ta sama zuwa hagu, ta ƙasa ka dawo, ka fito a cikin hanci, amma wannan naɗin ya kwanta a gefen na farko ta wajen turke, kafaɗa da kafaɗa, kada ya hau shi. Naɗi biyu ke nan, duka a cikin hanci. Sai ka ɗaga wutsiyar ka tsallake igiyar damar nan da ita ka nufi wajen tanti, ka fita daga hanci. A can gaba da naɗin farko ka sake ɗora ta a kan uwa daga dama zuwa hagu, ka bi ta ƙarƙashi. Za ka ga wata ƴar ƙofa ta buɗe tsakanin uwa da zaren da ya yi tsallaken, ka fito da wutsiya ta cikinta. Biyu a ciki, ɗaya a waje, kuma duka ukun hannu ɗaya suka juya. Iyakar ƙullin ke nan.

Amma bai zama ƙulli ba sai an gyara masa zama, kuma nan ne mafi yawan mutane suke gaggawa. Ka matse naɗin uku da yatsa su haɗu, ba rata a tsakaninsu. Ka kama wutsiya da hannu ɗaya, igiyar dama da ɗaya hannun, ka ja su su rabu har naɗin ya rungume uwa sosai. Wutsiyar da ta rage kada ta gaza faɗin tafin hannu, santimita 8 zuwa 10. In ka duba da kyau bayan nauyi ya hau, za ka ga uwar igiya ta ɗan karkace a daidai ƙullin, kamar gwiwa. Wannan ƴar gwiwar alama ce ta ya cije. In uwa ta wuce ta cikinsa sambal kamar zare a cikin allura, bai kama ba, zai zame.

Dalilin riƙonsa ba boyayye ba ne. Daga ƙullin zuwa tanti igiya ɗaya ce take ɗauke da dukan nauyin. Daga ƙullin zuwa turke kuwa igiya biyu ne suka raba shi, don haka abin da ƙullin yake riƙewa bai wuce rabi ba. Wannan rabin yana jan ƙullin zuwa wajen turke, kuma naɗi biyun nan a hanyarsa suke. Yana ja suna ƙara shaƙe uwa, yana ƙara ja suna ƙara shaƙewa. Naɗin waje ba shi ne mai riƙo ba, aikinsa kawai ya kulle wutsiya kada na ciki su warware. Da ka damƙi ƙullin da hannu ka tura shi dukansa, ka ɗauke masa jan da yake shaƙe shi, shi ya sa yake tafiya.

In za ka ɗame, kada ka yi kokawa da ƙullin alhali nauyi na kansa. Ka sa hannun hagu ka kama uwar igiya a cikin hanci, ka ja ta wajen turke. Igiyar dama za ta saki, sai ka tura ƙullin wajen tanti da hannun dama har sakin ya ƙare, sannan ka saki a hankali. In za ka sassauta, ka jawo ƙullin wajen turke. Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata a riƙe: in ka tura ƙullin santimita 20 a jikin uwa, tsawon igiyar santimita 10 kawai yake raguwa, domin hanci ƙafa biyu gare shi. Shi ya sa ba a fara shi da ɗan guntun hanci manne da turke, ba ka bar wa kanka wurin sassautawa ba ke nan. Ba a kuma kai shi har kusa da tamfol tun farko, don gobe ba inda za ka tura shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne juya ƙullin, a yi naɗi biyun a waje ta wajen tanti, ɗaya a ciki. A ido kamar daidai yake, har ya riƙe in iska ba ta motsa ba, amma da an fizge shi sai ya sulale zuwa turke. Na biyu shi ne naɗawa a kan igiyar dama maimakon uwa, wannan bai ɗame komai ba. Na uku, a juya naɗin ƙarshe ya saɓa wa na ciki. Wannan ba laifi ba ne ƙwarai, wasu da gangan suke yi domin igiyar ba ta murɗewa kuma ƙullin ya fi saurin turuwa, sai dai ya fi saurin zamewa ma, kuma a wurin da iska take fizga ba na ba da shawararsa. Hanyar gwaji ɗaya ce: bayan ka gama, ka kama uwar igiya a tsakiya ka girgiza ta da ƙarfi sau uku ko huɗu, kamar yadda iska za ta yi. In ƙullin ya motsa ko da faɗin yatsa ne, ka kwance ka sake.

Akwai wani salon da ya fi wannan riƙo, kuma bambancinsu a naɗi na biyu ne kawai. Bayan naɗin farko, maimakon ka kwantar da na biyu ta wajen turke, sai ka tsallake igiyar dama da wutsiya, ka gewaye uwa, ka fito a cikin hanci, ka cusa naɗin a lungun da ke tsakanin naɗin farko da igiyar dama, ka ja har ka ji ya faɗa ciki. A nan take yake cijewa tun kafin ka yi naɗin waje, don haka kana iya ɗaure shi ko da igiyar tana ja, lokacin da iska ta riga ta taso. Yana da ɗan taurin turawa. A ganina wanda ya iya na farko ya koyi wannan, ya riƙa sa shi a igiyoyin da suke fuskantar gabas da damina.

Yanzu maganar igiyar kanta, wadda ta fi ƙullin wahala, domin ƙulli ɗaya ne amma igiyoyin kasuwa iri-iri ne. Igiyar rama, da ta auduga, da duk wadda aka tuƙa daga tsiro, jikinta da kaushi, zarge mai cizo yana kama ta tun naɗi biyu. Ta kaba ma tana kamawa, sai dai tana da tauri, in ta bushe ƙwarai tana karyewa a wurin lanƙwasa, gara a ɗan jiƙa bakinta kafin a ƙulla. Igiyar nailan saƙaƙƙiya, mai laushi, tana kamawa da kyau kuma tana da ɗan miƙewa da ke shanye fizgar iska. Ta foliyesta ita ce ta fi dacewa da ƙasarmu in an samu, ba ta miƙewa sosai, ruwa bai dame ta ba, kuma ta fi sauran jure rana. Matsalar tana wajen igiyar robar nan mai sheƙi, shuɗiya ko ruwan ɗorawa, wadda ta fi kowace arha kuma ta fi kowace yawa a kasuwa. Tana da santsi, tana da tauri, ba ta son lanƙwasa, ƙulli a jikinta kullum neman warwarewa yake yi. Rana kuma tana cinye ta: in ka murza ta ka ga gari yana zuba a hannunka, ko zarenta ya tashi kamar gashi, ta gama aiki ko da ba ta tsinke ba tukuna.

In ita ce a hannu, ka yi naɗi uku ko huɗu a cikin hanci maimakon biyu, ka yi biyu a waje, ka bar wutsiya taƙi guda. Sabuwa fil ta fi santsi, in aka goga wurin da ƙullin zai zauna da yashi yana ɗan taimakawa. In duk da haka tana zamewa, kada ka ɓata lokaci, ka koma ga katako. Guntun itace mai ƙarfi, tsawon santimita 10 zuwa 12, a huda shi biyu, huda ɗaya kusa da kowane baki, faɗin hudar ya ɗara kaurin igiyar kaɗan. Uwa ta shiga huda ɗaya ta wuce ta gewaye turke, wutsiya ta dawo ta shiga ta biyu a yi mata ƙulli a baya. Da nauyi ya hau, katakon zai karkace ya lanƙwasa uwa ya riƙe ta. Kafinta zai yi maka goma daga ragowar katako cikin ɗan lokaci.

Abin da ruwa yake yi wa igiya shi ne inda ake yawan yin tufka da warwara. Igiyar tsiro, rama ko auduga, in ta jiƙe zarenta kumbura yake yi, tsawonta ya ragu. Tantin zane mai kauri ma haka. Wanda ya ɗame irin wannan tamau kafin ruwa, igiyar da kanta za ta tuge turke ko ta yaga ɗinki cikin dare, ba tare da iska ta taɓa ta ba. Ita sassauta ta ake yi kaɗan in ruwa ya soma, a ɗame bayan ta bushe. Nailan akasin haka take, tana shan ruwa ta saki, tanti mai yadin nailan yana lotsawa ko da raɓa ce ta sauka, shi kuma ɗame shi ake yi bayan ya jiƙe, a sassauta da safe in rana ta fito. Foliyesta da roba ba ruwansu da wannan. Saboda haka kada a haɗa igiya iri biyu a tanti ɗaya in da hali, ɗaya tana ja ɗaya tana saki, dirka ta karkace.

Kauri kuwa, ƙaramin tanti na mutum biyu ko uku milimita 3 zuwa 4 ya ishe shi. Tamfol mai mita 4 a 5 yana son milimita 6. Babban tantin zane, 8 zuwa 10. Wadda ta yi kauri fiye da buƙata ba ta ƙara komai sai wahalar ƙulli. Bakin igiyar roba ko nailan a ƙona shi da ashana ya dunƙule, na rama a naɗe shi da zare, in ba haka ba wutsiya za ta tarwatse ta ƙi shiga ƴar ƙofar nan.

Tsawo yana bin tsayin dirka. Turke ya yi nisa da gindin dirka daidai da tsayinta. Dirka mai mita 2, turke a mita 2, igiyar da ke tsakani ta kama mita 2 da santimita 80. Ka ƙara na hanci da na ƙulle-ƙulle biyu, ka yanka mita 4, wato gaba biyu da ɗan ɗori. Mutane suna matso da turke kusa don kada a yi tuntuɓe ko don igiya ta gaza, amma tsadarsa tana da yawa. In iska ta tura kan dirka da kilo 50, igiyar da turkenta ke mita 2 tana ɗaukar kilo 70. In an matso da shi mita 1, sai ta ɗauki kilo 112, kuma jan ya koma sama, wato hanyar da turke ya fi saurin fita. Dirkar kusurwa igiya biyu take so, a ware su kamar ƙafafun tsani, ɗaya ba ta hana ta faɗuwa gefe.

Ƙasar Adar, wato yankin Tahoua, iri biyu ce ga mai kafa turke, kuma kowace da halinta. A kan tudu akwai fako da tsakuwa da marmara, inda turken itace yake farfashewa tun bai shiga ba. Nan sai ƙarfen gini mai milimita 10 ko 12, a yanka santimita 40, a feƙe baki ɗaya, a lanƙwasa ɗayan kamar ƙugiya. A buga shi da guduma ya ɗan jingina baya, kansa yana guje wa tanti, ya shiga aƙalla kashi biyu cikin uku. Igiyar ta zauna a gindinsa, dab da ƙasa. In ta hau sama, turken ya zama maɓamɓari, ita da kanta za ta ɓanɓare shi. Sai dai ƙarfen gini yana da ƙurji a jiki, kuma hancin zarge mai cizo gogawa yake yi a kan turke duk lokacin da aka ɗame, don haka ƙurjin yana cin igiya. A zura masa guntun tiyo, ko a sa maƙeri ya liƙa masa zobe mai santsi. In ƙasar ta ƙi karɓar ƙarfe sam, a gewaya hancin a jikin guntun icce, a kwantar da shi, a danne igiyar da babban dutse a gabansa. Kafin ka ɗaga dutse da hannu ka fara juya shi da ƙafa ko sanda, saboda kunama.

A yashi kuwa, irin na tuddan arewa wajen Abalak da Cintabaradan, ko bakin tafkin Tabalak, turke tsaye ba ya riƙe komai. Nan binnewa ake yi. Ka sami icce mai kaurin damtse, tsawon kamu ɗaya, ka haƙa rami mai zurfin santimita 40, ka kwantar da iccen a gicciye da hanyar igiya, ka fasa ƴar siririyar hanya daga ramin zuwa wajen tanti don igiyar ta fito a miƙe, ka mayar da yashi ka tattake. Buhun da aka cika rabi da yashi aka binne shi ma yana yi. Abin lura shi ne hancin da aka binne ba ya zamewa, ƙullin ba zai yi aiki ba. Ko dai ka ɗaure wa iccen wata gajeriyar igiya mai hanci da zai leƙo waje, ka zura igiyar tanti a cikinsa, ko ka juya tsarin: ƙulli tsayayye a wajen iccen, zarge mai cizo a wajen zoben tanti ko kan dirka. Na biyun nan yana da wani amfani, ba sai ka sunkuya ba in za ka ɗame.

Ɗaya bakin igiyar, wanda ke jikin tamfol, shi ba a son ya motsa. Ka zura wutsiya a ido, ka yi ƴar da'ira a jikin uwa, ɓangaren wutsiya a sama, ka shigo da wutsiya cikin da'irar daga ƙasa, ka gewaye bayan uwa, ka mayar da ita cikin da'irar ta inda ta fito, ka ja. Wannan hancin ba ya shaƙewa, kuma komai nauyin da ya sha yana kwantuwa. Idanun tamfol mai arha ba abin dogaro ba ne, gwangwani ne siriri a kan leda. Dabarar da ta fi su ita ce tsakuwa: ka sami mai santsi kamar girman goro, ka sa ta a ƙarƙashin tamfol taƙi ɗaya daga gefe, ka tattaro ledar a kanta kamar ƙunshin kuɗi, ka shaƙe wuyan da zarge. Jan ya watsu a kan leda mai faɗi maimakon ya taru a huda ɗaya, kuma kana iya yin ta a duk inda kake son igiya.

Doguwar igiyar tsakiya da ake shimfiɗa tamfol a kanta tsakanin itatuwa biyu ta fi ƙarfin zarge mai cizo, don hannu ba zai iya ɗame ta yadda ya kamata ba. Wannan aikin ɗaurin yaran mota ne, irin wanda suke tamke buhunan albasar Galmi da shi, inda ake yin hanci a tsakiyar igiya a ja ta cikinsa ƙarfi ya ninka. Amma kada a kai wannan ɗaurin idon tamfol, zai yaga shi. Abin da yake da amfani a wurin shi ne robar cikin taya: a yanka zobe mai faɗin yatsa biyu, a sa shi tsakanin ido da igiya, ya riƙa shanye fizga.

In hadari ya haɗu, ka fara da igiyoyin gabas, ka taka kowane turke ka ji ko yana motsi, sannan ka bi sauran. Kada ka ɗame gefe ɗaya har ƙarshe, ka riƙa yi kaɗan-kaɗan kana gewayawa, gefe da kishiyarsa. In rumfa ce, a sauke gefen gabas ƙasa sosai, iska ta hau ta wuce maimakon ta shiga ciki ta ɗaga. A bar gangara ta gaske domin ruwa, don ruwan sama milimita 20 a kan tamfol mai mita 4 a 5 lita 400 ne, kuma in ya sami lotsawa ya taru, babu ƙullin da zai riƙe shi. Da hunturu kuwa daga arewa maso gabas iskar take busowa, ba ta da fizgar ta damina amma ba ta gajiya, sai a duba ƙulle-ƙullen safe da yamma. Kuma komai kyan yashin ƙorama, ba a kafa tanti a cikinta da damina, ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yana iya isowa alhali sama tana tas a inda kake.

Wanda yake yawan tashi da sauka, kamar ɗan kasuwar da yake cin kasuwa uku a mako, yana iya ninka wutsiya biyu ya zura ninkin a ƴar ƙofar ƙarshe, ta yadda fizga ɗaya za ta warware ƙullin. Yana da sauƙi, amma in akwai yara ko awaki a kusa gara a bar shi.

Akwai wuraren da wannan ƙullin ba ya shiga ko kusa, kuma ina roƙon a riƙe wannan da gaske. Ba a ɗaure wuyan dabba da shi, domin hancinsa yana iya tsukewa ya shaƙe ta. Ba a saukar da mutum rijiya da shi, ba a hawa itace ko gini a dogara da shi, ba a jan mota da shi. Riƙonsa na gogayya ne, in nauyi ya wuce iyaka ko igiya ta jiƙe da mai, zamewa yake yi ba tare da gargaɗi ba. A igiyar tanti wannan zamewar alheri ce, gara ƙulli ya saki da tamfol ya yage. A kan rai kuwa ba haka ba ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a koye shi a gida, a ƙafar gado ko gindin dirkar rumfa, har hannu ya iya shi cikin duhu, tun da yawanci cikin duhu da ƙura ake buƙatarsa. In an tashi daga zango, a kwance ƙullin duka, kada a bar shi ya kwana wata guda a wuri ɗaya, domin yana murje igiyar a nan ta yi sulɓi ta daina karɓar cizo. A tsince ƙarangiyar da ta maƙale da bakin wuƙa, ita ce take soke yatsa ta kuma hana ƙulli tafiya. A karkaɗe yashi, a shanya ta rama a inuwa har ta bushe sarai kafin a naɗe, a ajiye kowace igiya da turkenta a buhu ɗaya, a rataye shi sama inda gara ba ta kaiwa.